Lied: "lid" ne, "lit" ne, ko "laid"? Ku raba mu gardama

Rabi'atu Kaduna
Assalamu alaikum 'yan gida. Masu Jamusanci ku agaza mini, yau na sha kunya a aji. Wata na 5 ke nan ina koyon harshen ta intanet, saboda ina neman aikin jinya a Jamus. Malamarmu ta ce kowa ya faɗi waƙar da ya fi so cikin jimla ɗaya. Kalmar waƙa a littafin an rubuta ta Lied. Ni kuwa ina ganin haruffan sai idona ya tafi Turanci, na buɗe baki na ce "laid". Matar nan ta yi dariya har ta cire tabarau, wai abin da na faɗa shi ne "baƙin cikin da na fi so". Tana cikin gyara mini sabis ya ɗauke. Yayana ya ce "lid" ne, da d. Ƙawata ta ce "lit". Da na bincika ma'anar kuma sai na ga ana cewa wata waƙa ce ta musamman da ake yi da piyano, alhali littafina ya ce waƙa kawai. Wanne zan kama?

Nazifi Kwari
Wa alaikumus salam. "Baƙin cikin da na fi so." Anti Rabi, wannan ai ba kuskure ba ne, sunan tsohuwar budurwata ne kika faɗa.

Sani Hamburg
Ƙanwata, ƙawarki ta fi kusa, sai dai ki ja wasalin: liit. Shekarata 14 a nan Hamburg ta Jamus, 9 daga ciki ina tuƙa bas, ban taɓa jin Bajamushe ya ƙare kalmar da d ba. Ma'anarta kuma waƙa, kowace iri ce. Abin da 'yata ke dawowa da shi a baki daga makarantar yara Lied ne. Abin da 'yan kallon ƙwallo ke cika mini mota da shi ranar Asabar Lied ne. Babu piyano ko ɗaya a bas ɗina.

Hajiya Asabe Garwa
Rabi 'yata, kwantar da hankalinki. Na koyar da Jamusanci a sakandare nan Kamaru har na yi ritaya, kuma ban taɓa samun ajin da wani bai faɗa ramin nan ba. Ga yadda nake koya wa yaranmu Hausawa.

Ki ce liman. Kin ji yadda kika ja "li" ɗin? To shi ne ie na Jamusanci. Yanzu ki ce laifi. Wannan "lai" shi ne ei. Lied da "li" na liman yake farawa, shi ne waƙa. Leid da "lai" na laifi yake farawa, shi ne baƙin ciki ko wahala, kuma shi kika furta ɗazu. Haruffan iri ɗaya ne, musayar wuri kawai biyu suka yi. Shi kika riga kika sani a "tut mir leid" da ake ba da haƙuri da shi, na tabbata an koya muku tun makon farko.

Sai ƙarshen kalmar. D aka rubuta, t ake faɗa. Matsalarmu mu Hausawa ba a nan take ba ma, matsalar ita ce bakinmu ba ya son rufe kalma da baƙi, sai mun liƙa mata wasali: buk ya zama buku, kat ya zama kati. Idan ba ki yi hankali ba "liti" za ki ce. Amma muna da t mai rufe baki a Hausa, ba ma lura ne. Fari fat. Shiru tsit. Ki ɗauko t ɗin tsit ki ɗora a kan "li" na liman, ki tsaya cak. Liit.

Rabi'atu Kaduna
Allah Ya saka da alheri Mama. Liman da laifi. Wallahi da haka aka faɗa mini tun farko da ban sha kunya ba.

Ibro Damagaram
Gaisuwa ga Hajiya, amma ni ban yarda da maganar Malam Sani ba. A Faransa na yi karatu, na kuma zauna ajin tarihin kiɗa na shekara guda. Le lied ba kowace waƙa ba ce. Murya ɗaya ce da piyano ɗaya, a ɗauko rubutacciyar waƙar wani babban marubuci a ɗora mata karin sauti. Ku buɗe ƙamus na Faransanci ku gani. Kuma malaminmu da d yake faɗa, "lid", mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a kan fannin. Yanzu ihun 'yan ƙwallo a bas shi za a haɗa da wannan?

Nazifi Kwari
An zo wajen. Badamagare ya je Faransa ya koyo Jamusanci. Saura ya je Makka ya koyo Yarbanci.

Ibro Damagaram
Bakano, koma ka auna yadi. Manya na magana.

Sani Hamburg
Malam Ibro, ni ban shiga ajin kowa ba, amma bari in ba ka abin da idona ya gani. Duk ranar 11 ga Nuwamba, ko cikin makon, yaran makarantun reno suna fitowa bayan magariba kowa da 'yar fitilarsa ta takarda a kan sanda, suna zaga unguwa suna rera waƙa, iyaye na biye da su cikin sanyi. Shekarar farko da 'yata ta shiga, malamarsu ta turo mana takarda a jakarta, a sama an rubuta Lieder, a ƙasa ga baitocin da za a hardace. Ni na zauna da yarinyar a kicin muna bita har matata ta kore mu. Yara 'yan shekara 4, majina na zuba, rabinsu sun manta baitin. Wannan Bajamushe ya kira Lieder. In kana so ka ce malamar ba ta iya yarenta ba, to.

Kuma dubi yadda suke liƙa kalmar a gindin wasu. Kinderlied waƙar yara. Wiegenlied waƙar reno. Weihnachtslied waƙar Kirsimeti. Liebeslied waƙar soyayya. Volkslied waƙar gargajiya. Taken ƙasarsu ma Deutschlandlied ake ce masa.

Talatu Jos
Ina kwananku. Na daɗe ina karatu a gidan nan ban tanka ba, yau an taɓo inda nake. Ni ke koyar da ƙungiyar mawaƙa a cocinmu, kuma na yi karatun piyano. Malam Ibro bai ƙirƙiro maganarsa ba. Mu ma haka aka koya mana da Turanci: in aka ce lied ko lieder, ana nufin irin waƙoƙin da Franz Schubert ya shahara da su. Mutumin Viyana ne a ƙasar Ostiriya, an haife shi a 1797, ya rasu a 1828 yana ɗan shekara 31, amma ya bar irin waɗannan waƙoƙi sama da 600. Bayansa Robert Schumann ya ɗauka, shi a shekarar 1840 kaɗai, shekarar da ya yi aure, ya yi fiye da 100. Sai su Brahms da Hugo Wolf.

Bari in kwatanta muku guda ɗaya, don in ba a ji ba ba za a gane abin da Malam Ibro ke karewa ba. Akwai wadda Schubert ya yi a 1815 yana ɗan shekara 18, sunanta Erlkönig, kalmomin na Goethe ne, babban marubucin Jamus. Uba ne a kan doki cikin dare, rungume da ɗansa. Yaron na ganin wani sarkin aljanu yana kiransa, uban na cewa hazo ne kawai, iska ce a ganye. Mawaƙi ɗaya ne zai yi murya huɗu: mai ba da labari, da uban, da yaron, da aljanin. Uban da murya ƙasa-ƙasa, yaron kuwa duk kiran da zai yi wa ubansa sai ya fi na baya tashi, aljanin da laushi kamar mai rarrashi. Shi kuma mai piyano hannunsa na dama ba ya hutawa, bugu ɗaya yake ta maimaitawa da gudu, shi ne sukuwar dokin. Na taɓa gwadawa, kafin rabi tsintsiyar hannuna ta ƙage. Sai dab da ƙarshe dokin ya tsaya, piyano ya yi shiru, mawaƙin ya faɗa kusan da magana cewa yaron ya mutu a hannun uban. Piyanon ba rakiya yake yi ba, shi ma labari yake bayarwa. Wannan ne abin da masu kiɗa a duniya ke nufi da kalmar.

Amma da na je Jamus taron coci, littafin da ake rerawa a ciki ma Lieder suke kiran abin da ke cikinsa. Sai na gane mu a waje mun ɗauki ɗaki ɗaya ne muka kira shi gida.

Ibro Damagaram
Madalla da Malama Talatu. Ga wadda ta san abin.

Nazifi Kwari
Ka karanta layinta na ƙarshe kuwa, ko murna ta hana ka?

Malam Bashir Samaru
Salamu alaikum. Na shigo a makare. Gardamar Malam Sani da Malam Ibro ba gardama ba ce a kan kalma ɗaya, kalmomi biyu ne masu kama ɗaya. Ɗaya ta Jamusanci ce, ɗaya kuma ta Faransanci da Turanci ce da suka ara daga Jamusanci.

Ku ɗauki suya. A Hausa mece ce suya? Aikin soya abu ne a mai. Suyar ƙosai, suyar gyaɗa, suyar naman Sallah. Naman da ake tsirewa a tsinke a gasa a bakin wuta da ƙuli, tsire ne, ba a ma soya shi. Amma je Legas, ko Landan, ka ce suya, abu ɗaya tak za a kawo maka. Kalmar ta fita daga gida, ta tsuke, ta zama sunan abu ɗaya. In Bayarabe ya ce wa Bahaushiya mai tuyar ƙosai abin da take yi ba suya ba ne don babu tsinke, dariya za ta yi masa. In ita kuma ta ce abin da yake saya da dare ba sunansa suya ba a yarensa, ita ma ta yi kuskure, don a can sunansa ke nan.

Mu ma mun yi wa wasu haka. Ƙasida a Larabci doguwar waƙa ce kowace iri, ta yabo, ta zambo, ta makoki. Da ta zo hannunmu sai muka fi jingina ta ga yabon Manzon Allah (SAW), daga baya ma muka mai da ita takardar da ake gabatarwa a taron ƙara wa juna sani. Balarabe zai yi mamakin a ce farfesa ya gabatar da ƙasida kan noman rani.

Abin da ya faru da Lied ke nan. Turawan Faransa da na Ingila suna da nasu kalmomin na waƙa, ba su bukatar wata. Abin da suka aro shi ne sunan wannan salo na su Schubert, don ba su da sunansa. Da suka aro kuma sai suka furta da bakinsu. Bafaranshe yana iya rufe kalma da d, shi ya sa malamin Malam Ibro ke cewa "lid". Daidai ne a Faransanci. Rabi'atu kuwa ba jarrabawar Faransanci za ta zauna ba.

Ibro Damagaram
Misalin suya ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma Malam, yau a Kano ma ba ka jin yara na cewa za su je sayen suya, suna nufin tsire? Ma'anar waje ta dawo gida. Kana so ka ce su Jamusawan ba su san wannan ma'anar tawa ba sam?

Sani Hamburg
A nan kam ka kama ni. Akwai allunan talla da nake wucewa kusa da babban gidan kiɗan nan na bakin ruwa, Elbphilharmonie. In ka ga an rubuta Liederabend, wato daren waƙoƙi, to ba 'yan ƙwallo za ka tarar ba. Mutum ɗaya ne cikin baƙar kwat a tsaye gefen piyano, tsofaffi sun cika kujeru, ko tari ba a so. A wannan da'irar in suka ce Lied, naka suke nufi. Amma in za su bambance sosai suna da kalmarsu, Kunstlied, waƙar fasaha, kishiyar Volkslied. Da Lied kaɗai ta wadatar ai da ba su ƙara mata komai a gaba ba.

Ibro Damagaram
To mun yi canjaras.

Sani Hamburg
Ba canjaras ba ne, ci ɗaya ka rama cikin biyar.

Rabi'atu Kaduna
Malam Bashir, tambaya. In t ake faɗa, me ya hana su rubuta t su huta mu huta?

Malam Bashir Samaru
Sun taɓa rubutawa. A Jamusancin shekaru 800 da suka wuce liet ake rubutawa, da t. Daga baya tsarin rubutunsu ya zaɓi ya bar saiwar kalma da kama ɗaya duk inda ta je, ko da furuci ya sauya. Ki dubi jam'inta: Lieder. A nan d ɗin ya dawo da ransa, saboda wasali ya biyo bayansa. Ashe d ne na asali, ƙarshen kalma ne ke ƙeƙasar da shi. Dokar ba ta Lied kaɗai ba ce: b da d da g duk suna komawa p da t da k in suka zo ƙarshe. Kind yaro, "kint", jam'i Kinder. Hund kare, "hunt", jam'i Hunde. Tag yini, "taak", jam'i Tage. Har Rad, wato ƙafar keke ko mota, da Rat, wato shawara, kunne ba ya raba su.

Mu Hausa akasin haka muka yi. Mota, motoci. Ƙasa, ƙasashe. Sata, sace. T ta koma c, s ta koma sh, muka rubuta abin da baki ya faɗa. Su sun ɓoye canjin a rubutu don ido ya gane dangantaka, mu mun bayyana shi don kunne. Amma kada mu yi musu dariya, mu ma muna da abin da muka ɓoye. Gari na tuwo da gari na mutane, wa ya rubuta muku bambancinsu? Ɗan koyon Hausa haka yake shan wuya da mu.

Hajiya Asabe Garwa
Malam ya yi bayani. Ni gargaɗi zan ƙara, don na san abin da ke biyo baya. Yaro in ya koyi cewa d tana zama t, sai ya ɗauki t ɗin ya kai ta jam'i. Ga kalmomi huɗu, Rabi ki rubuta su a bango:

Lieder, "liida", waƙoƙi. Liter, "liita", litar man fetur. Leider, "laida", abin takaici. Leder, "leeda", fata.

Wannan -er na ƙarshe ba a kaɗa r ɗinsa, wani ɗan gajeren a ne kawai. Kuma kalmar das take ɗauka, das Lied, jam'i die Lieder. Ki hardace ta tare da das ɗinta tun yanzu.

Nazifi Kwari
Tsaya Hajiya. Leda? Ledar da nake zuba wa kwastoma atamfa? Ashe Jamusanci nake yi shekara da shekaru ban sani ba.

Malam Bashir Samaru
Kusan haka ne, Nazifi. Ledarmu daga kalmar Turanci ta fata ta zo, ita kuma da Leder ta Jamusanci 'yan uwan juna ne. Ga wata kalmar da ta yi tafiya ta sauya ma'ana: fata ta zama roba.

Maryam Rosenheim
Sannunku. Anti Rabi, ni aikin da kike nema shi nake yi, shekara 3 ke nan a gidan kula da tsofaffi a Bavariya, kudancin Jamus. Duk abin da Mama Asabe ta faɗa shi za ki faɗa a jarrabawa, kada ki canza ko ɗigo. Amma ki shirya kunnenki. Tsofaffin nan ba sa cewa liit. "Liad" suke cewa, i da a a jere, kamar ki ce "liya" da sauri. Makona na farko wata tsohuwa 'yar shekara 90 da wani abu ta riƙe mini hannu ina gyara mata filo tana ta maimaita kalmar, ni ina zaton ciwo take faɗa, har na je na kira babbar nas. Ashe waƙa take so a yi mata. Matar ba ta gane 'ya'yanta in sun zo, amma aka ɗauko mata baitin farko na wata waƙar yarintarta sai ta kai ta ƙarshe ba ta tsallake kalma ba. Yanzu duk ranar Laraba da la'asar akwai zaman waƙa a falon ƙasa, ni ke turo kekunansu. Kalmar nan za ta yi miki amfani a wurin aiki fiye da yadda kike zato.

Malam Bashir Samaru
Maryam, kin kawo shaida mai tsada. Tsohuwar nan ita ke riƙe da tsohon furucin. Wannan ie da can sauti biyu ne da gaske, i sannan wani wasali a bayansa, shi ya sa aka rubuta shi da harafi biyu. A tsakiyar Jamus sai ya narke ya zama dogon i, rubutun ya tsaya yadda yake, e ɗin ya koma alamar ja kawai. Kudu, wato Bavariya da Ostiriya da Suwizalan, karin harshensu bai narkar da shi ba. Kamar dai yadda Basakkwace ke riƙe da wasu siffofin da Bakano ya daɗe da sauyawa.

Nazifi Kwari
Malam a bar Kano a cikin maganar nan. Bazazzagi ba ya gama bayani sai ya taɓa mu.

Abdul Kumasi
Ni tambayata daban. Mu waƙa ɗaya muke da ita, ko an rera da kalangu ko malami ya rubuta a takarda. Lied ma haka ne? In na rubuta waƙa ban rera ba, Lied ce?

Hajiya Asabe Garwa
A'a ɗana. Wannan Gedicht ce. Su sun raba: abin da ake karantawa Gedicht, abin da ake rerawa Lied. Abin da Malama Talatu ta kwatanta ɗazu, Goethe ya rubuta Gedicht, Schubert ya mai da ita Lied. Ɗalibaina kullum a nan suke tuntuɓe, don a kanmu abu ɗaya ne, sai mun ce waƙar baka ko rubutacciyar waƙa kafin mu raba. Kuma da dalili, don mu rubutacciyar ma ai rera ta ake yi, ba a karanta ta kamar wasiƙa.

Malam Bashir Samaru
Hajiya, da izininki, rabuwar ba ta kai tsufan kalmar ba. Babban labarin jarumtarsu da aka rubuta wajen shekarar 1200, Nibelungenlied, baiti sama da 2,000 ne, kowane baiti ɗango huɗu, irin abin da mu za mu kira 'yar ƙwar huɗu. Yau karanta shi ake yi a makaranta, amma Lied ke sunansa. A wancan zamanin liet na iya nufin baiti ɗaya ma. Kuma 'yar uwar kalmar a harshen Aisland har yau rubutacciyar waƙa take nufi. Kenan da can sun fi kusa da mu.

Hajiya Asabe Garwa
Gaskiya ne Malam, amma yarinyar jarrabawa ke gabanta, ba shekarar 1200 ba. Kada mu cika mata kai.

Sani Hamburg
Tunda an taɓo taken ƙasa ɗazu, Rabi ki san wannan don kada ki yi katoɓara. An rubuta shi a 1841, karin kuma na mai tsara kiɗa Haydn ne tun 1797. Baiti uku ne, amma na uku kaɗai ake rerawa a matsayin taken ƙasa. Na farkon ya ɓaci da zamanin 'yan Nazi, in kika ji wani na rera shi a taro to ki san irin mutanen da kike ciki.

Sannan yaran yanzu, ɗana babba da abokansa, in waƙar zamani ce ta waya sau da yawa Song suke cewa, sun aro daga Turanci. Lied ma suna faɗa, ba wanda zai gyara miki. Abin dariya dai, Bature ya ari Lied don waƙar manya, Bajamushe ya ari Song don waƙar matasa.

Ibro Damagaram
Ka ga, ko su sun san Lied ta fi Song daraja.

Sani Hamburg
Malam Ibro ka bari haka nan, alkalin wasa ya busa.

Maryam Rosenheim
Akwai wata magana da abokan aikina ke yi kullum, na daɗe ban gane ba. In ka yi kukan ciwon baya ko aikin dare sai wata ta ce "davon kann ich ein Lied singen". Kalma da kalma wai zan iya rera waƙa a kan wannan. Ni da farko har jira nake ta fara. Ashe nufinta ni ma na sha wannan, ni za a tambaya.

Hajiya Asabe Garwa
Suna da irinsu da yawa. "Immer das alte Lied", kullum tsohuwar waƙar, wato maganar dai ita ce, ba ta canzawa. Wadda na fi so ita ce "wes Brot ich ess, des Lied ich sing": wanda na ci burodinsa, waƙarsa nake yi. Duk shekara in na kawo ta a aji sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce Madam, ai kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, tamu ta fi nuna wajibi, tasu ta fi kama da zambo ga maroƙi, amma yaran ba sa mantawa.

Wani abu kuma, tunda jinya za ki yi: Lid, babu e, fatar ido ce. Furucinsu ɗaya sak da Lied, liit. Yawanci Augenlid za ki gani a takardar likita. Kada ki rubuta wa mara lafiya cewa waƙarsa ta kumbura.

Nazifi Kwari
Wallahi yaren nan da gangan aka yi shi.

Rabi'atu Kaduna
Na dawo. Yanzu muka tashi daga aji. Tun kafin ta tambaya na ɗaga hannu na ce das Lied, na ja li na liman na rufe da t na tsit. Ta tafa mini. Sai ta ce to jam'i fa? Mama Asabe, kin san me ya fito daga bakina? Liter. Na ce ina son litoci masu sanyi. Ta sake cire tabarau.

Hajiya Asabe Garwa
Na ce ki rubuta a bango, ba ki rubuta ba. Bayan isha'i ki turo mini muryarki ta akwatina, kalmomin nan huɗu, kowace sau goma, a hankali. Ki fara da leda tunda ita kika iya.